Jirgi na tudu ana gyara a ƙasar waje: ka kwana a ciki, ka kama ɗaki, ko ka tafi gida?

Duk wanda ya mayar da ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai gidansa, yana bin iska daga wannan ƙasa zuwa waccan, ya san akwai ranar da dole a ciro jirgin daga ruwa. Fentin gindi, wanda ke hana gansakuka da ƙananan halittu masu ƙwanso mannewa, yakan gaji cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Bawulolin da ke ratsa jikin jirgin suna son a kwance su a duba. Robar da sandar farfela ke juyawa a cikinta tana sakwarkwacewa. Sai injin ɗagawa ya zura majanyu biyu ƙarƙashin jirgin ya cicciɓo shi, a wanke gindin da ruwa mai ƙarfi, a kai shi fili a dasa shi kan ƙarfen gindinsa, wato ƙarfe mai nauyi da ke ƙarƙashinsa yana hana shi kifewa a ruwa, a tokare shi ta kowane gefe. Gidanka ne aka ɗaga sama aka ajiye a tsakiyar ƙura, a ƙasar da ba taka ba. To, ina za ka kwana?

Hanyoyi huɗu ne. Ka ci gaba da zama a cikin jirgin yana tudu. Ka kama ɗaki kusa da filin gyaran, kana zuwa da safe kana komawa da yamma. Ka bar jirgin a hannun ma'aikata ka tafi gida. Ko ka raba aikin biyu: duk abin da zai yiwu a kan ruwa a yi shi a can, tudu kuwa a hau na 'yan kwanaki kawai.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuɗi, amma ba kuɗin kwana ɗaya ba. Takardar filin gyara tana da layuka da yawa: kuɗin ɗagawa da mayarwa, kuɗin wanki, kuɗin tokarewa, kuɗin fili da ake lissafawa da tsawon jirgi a kowace rana ko kowane wata, wuta da ruwa, sannan a wurare da dama akwai ƙarin kuɗi ga mai kwana a cikin jirgi, da wani ƙari idan ka kawo ma'aikaci daga waje. Abin da ke kumbura takardar shi ne yawan kwanakin da jirgin ya yi a tudu. Duk zaɓin da ya ja aikin ya yi tsawo, mai tsada ne ko da a ido ya yi kama da araha.

Na biyu ƙarkon aikin. Fenti da ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ke hana ruwa ratsawa, suna son wuri mai tsabta, busasshe, mai zafi daidai gwargwado. Yawancin ifoksi ba ya kamawa da kyau idan sanyi ya sauka ƙasa da kusan digiri 10, kuma fentin da aka shafa kan raɓa zai ɓare. Abin tambaya shi ne, wa ke tsaye a wurin lokacin da ake shafawa?

Na uku sauƙin rayuwa: barci, banɗaki, girki, zafi da sanyi. Na huɗu haɗari, kuma kashi uku ne: na jikinka, na jirgin, da na takardu.

Kafin duk wannan akwai tambayoyi biyu da za su iya yanke maganar tun ba a fara ba. Shin filin ya yarda a kwana a cikin jirgi? Wasu sun hana kwata-kwata saboda sharuɗɗan inshorarsu, wasu sun ƙayyade kwanaki. Ka nemi amsar a rubuce tun jirgin yana ruwa, domin da zarar an dasa shi a tudu ba ka da sauran ƙarfin ciniki. Sannan, aikin a waje yake ko a ciki? A ganina wannan tambayar ta fi kuɗin haya nauyi nesa ba kusa ba, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa.

Zama a cikin jirgi yana tudu

Shi ne zaɓin da zuciya ke fara karkata gare shi. Ba kuɗin haya, kayan aikinka na gefenka, gadonka naka ne, kuma kana iya fara aiki da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ma'aikaci ba zai ce ya zo jiya bai same ka ba. Ta fuskar ƙarkon aiki wannan babbar riba ce: kana ganin ko an goge tsohon fenti yadda ya kamata, ko an shafa sau biyu kamar yadda aka yi alkawari, ko gwangwanin da aka buɗe shi ne wanda ka biya.

Sai dai jirgi a tudu rabin gida ne. Duk wata na'ura da ke shan ruwan teku ta tsaya cak. Banɗakin jirgi da ruwan teku yake kora ƙazanta, saboda haka an rufe shi. Ba a tayar da inji sai an haɗa masa ruwa ta wata hanya. Na'urar sanyaya ɗaki ta jirgi, da na'urar tace ruwan gishiri, da firjin da ruwan teku ke sanyaya masa inji, duk sun huta. Ruwan wanke-wanke kuwa ta jikin jirgi yake fita, wato zai gangaro kan gindin da ake shirin fentawa, ko kan mutumin da ke aiki a ƙasa. Dole a tara shi a bokiti a sauko da shi.

Ga kuma tsani. Jirgi mai tsawon mita 12 yakan sami ƙarfen gindi da ya nutsa kusan mita 2, don haka idan aka dasa shi a ƙasa, inda kake takawa a sama ya kai mita 3 ko fiye. Wannan tsanin za ka hau ka sauka duk lokacin da ka manta sifana, duk lokacin da za ka ɗebo ruwa, da tsakar dare idan fitsari ya matsa, a lokacin da raɓa ta jiƙa matakala kuma barci bai sake ka ba. Faɗuwa daga nan kan siminti ko tsakuwa ba wasa ba ce. A ɗaure kan tsanin da jirgi, a bar hannu biyu don hawa, kaya kuwa a ja su da igiya. Mai ƙananan yara, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda shekaru suka ja, ya tsaya a nan ya yi wa kansa gaskiya.

Zafi ma wani abu ne. A kan anga jirgi yana juyawa da kansa ya fuskanci iska, ita kuma ta shiga ta ƙofofin sama. A tudu an kafe shi ta inda fili ya ba da dama, tsakanin wasu jirage, kan ƙasar da ta sha rana. A Chaguaramas ta ƙasar Tirinidad, inda jirage da yawa ke fakewa a lokacin mahaukaciyar guguwar Atlantika, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, lokacin ya zo daidai da damina: zafi, gumi da sauro. Masu zama a ciki kan yi hayar na'urar sanyaya ɗaki irin ta taga su ɗora ta kan ƙofar sama. A nan sai a kula da wuta, domin jirgin da aka ƙera a Turai yana aiki da bolt 230 ne, alhali a Amurka da wasu tsibiran Karibiyan abin da ke fitowa daga soket bolt 110 zuwa 120 ne, kuma saurin bugunsa daban. A Bahar Rum matsalar a juye take. Filayen Preveza ta Girka da Marmaris ta Turkiyya sun fi cika da hunturu, kuma jirgin faiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi da roba, cikin sanyi zufa yake yi daga ciki. Wanda ya kunna hitar gas ko ta kananzir ya rufe ƙofofi yana wasa da ransa, domin iskar da ke kisa a irin wannan hali ba ta da wari. Gas ɗin girki kuma ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo, ƙasan jirgi yake gangarawa ya taru.

Abin da ya fi damuna game da wannan zaɓi shi ne ƙura. Fentin gindi guba ne da gangan aka yi shi. An hana nau'in da ke ɗauke da sinadarin TBT a duniya tun 2008, amma yawancin na yanzu jan ƙarfe ke cikinsu, kuma ba a yi huhun mutum don shaƙarsu ba. Ko kai ba ka goge komai, maƙwabcinka yana goga. Ƙurar faiba tana shiga katifa, tufafi da kwanon abinci. Ma'aikaci yana sa takunkumi na awa takwas ya tafi gida ya yi wanka. Mai kwana a ciki yana nan dare da rana.

Idan aikin a cikin jirgi yake, wato ciro inji, canza tankuna, sake wayoyin lantarki, ko gyaran katakon da ruwa ya ruɓar, to zama a ciki yana cin kuɗi a ɓoye. Kowace safiya sai an kwashe katifa da kayan girki kafin a buɗe ƙasa, kowace yamma sai an mayar don a sami wurin kwanciya. Awa biyu ta tafi ba a taɓa aiki ba. Ma'aikata kuma ba sa sakin jiki a ɗakin kwanan mutum.

Kama ɗaki kusa da fili

A takarda shi ne ya fi na farko tsada, domin ana biyan fili ana kuma biyan haya, wani lokaci har da abin hawa, tunda filayen gyara galibi a bayan gari suke, a unguwar masana'antu. Amma ka yi lissafin ta wata fuska. Jirgin da ba kowa a ciki ana iya buɗe shi gaba ɗaya a bar shi a buɗe. Ana iya fesa fenti mai wari a rufe ƙofa a tafi. Kafinta da mai lantarki na iya aiki lokaci ɗaya. Idan hakan ya rage sati biyu daga aikin wata biyu, kuɗin fili da wuta na waɗannan kwanakin ya dawo, ya rage wani abu daga hayar.

Ƙarkon aiki bai ragu ba, tunda kullum kana wurin. Ina ma ganin ya ƙaru. Mutumin da ya yi wanka, ya ci abinci a zaune, ya yi barci ba tare da ƙarar injin goge-goge ba, ya fi iya yanke shawara mai kyau a sati na biyar. Wanda ya gaji kuwa, burinsa kawai a mayar da jirgi ruwa, sai ya fara cewa "a bar shi haka" a kan abin da bai kamata a bari ba. Gyaran da aka yi cikin gajiya a tsakiyar teku yake nuna halinsa.

Haɗarinsa kaɗan ne: jirgin yana kwana ba kowa, don haka a kulle injin ƙaramin kwalekwale da kayan aiki masu tsada. Sai kuma lokacin haya. A garuruwan yawon buɗe ido na Bahar Rum ɗaki yana araha da hunturu, yana tashi sosai da bazara, kuma aikin jirgi ya saba wuce ranar da aka sa masa. Ka nemi ɗakin da za a iya ƙara maka sati-sati.

Barin jirgi a tafi gida

Akwai aikin da zama kusa da shi ba ya ƙara masa komai. Jirgin faiba da ruwa ya ratsa fatarsa har ta yi ƙuraje, sai an fere fatar an bar shi ya bushe, kuma bushewar tana iya ɗaukar watanni kafin a rufe da ifoksi. Jiran kayan gyara daga wata nahiya ma haka. Tsayawa kallon jirgi yana bushewa ɓata kuɗi ne da ɓata kwanakin biza.

Maganar biza ba ƙarama ba ce. Baƙo a ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kwana 90 yake da su cikin kowane kwana 180, alhali jirginsa, in ba na Tarayyar Turai ba ne, yana iya zama har wata 18 ba a nemi harajin shigo da shi ba. Agogo biyu ne, kowanne da tafiyarsa. Wanda ya ƙone kwana 70 a filin gyara a Girka ko Sifaniya, kwana 20 suka rage masa ya yi tafiyar da ya gyara jirgin dominta. Idan ya fita daga yankin ya bar aikin na tafiya, kwanakinsa suna nan.

Raunin tafiya gida a fili yake: ba idonka. Filin gyara yana da jirage da yawa, kuma wanda mai shi ke tsaye a ƙofar ofis kowace safiya shi ake fara yi wa aiki. Naka yana iya zama wata uku ba a taɓa ba, sai ana saura sati biyu ka dawo a yi shi cikin gaggawa. Ba lallai mugunta ba ce, haka aiki yake idan ya yi yawa. Maganinsa a rubuta komai: wane aiki, wane irin fenti, shafa nawa, ranar gama kowane mataki. A biya kashi-kashi, kowane kashi bayan hoton abin da aka gama. In aikin babba ne, a ɗauki ƙwararren mai duba jirage wanda ba ya cin albashin filin, ya riƙa leƙawa. Kuɗinsa bai kai kuɗin sake aiki ba.

Jirgin da aka bari yana da nasa cututtukan. Ganye ya toshe magudanar ruwan sama, ruwa ya taru ya shiga ciki. Batura su mutu. Fumfuna ta cinye katifu. Ɓeraye da kyankyasai su hau ta igiya ko wayar wuta. Sai kuma iska. A cire filafilai duka kafin a tafi, musamman na gaba da ake naɗewa, domin in ya warware cikin guguwa yana iya kayar da jirgin ya haɗa da na maƙwabta. Kada a ɗaure tamfol a jikin matokarai, kuma kada kowa ya matsar da matokari sai ma'aikacin fili. Guguwar Ivan da ta afka wa Giranada a Satumbar 2004 ta kwantar da jirage masu yawa a tudu, a tsibirin da ake ɗauka yana kudu da hanyar guguwa, kuma guguwar Beryl ta sake tunatar da mutane a tsibirin Carriacou na ƙasar Giranada a Yulin 2024. Shi ya sa kamfanonin inshora ke gindaya sharuɗɗa: a ɗaure jirgi da ƙasa, wani lokaci a sauke jigon filafilai. Ka karanta naka kafin ka sayi tikiti.

Abu biyu na takarda: a ƙasashe da yawa sai an sanar da kwastan cewa an bar jirgi a hannun wane, kuma ranar dawowa kamfanin jirgin sama zai iya tambayar tikitin fita. Wasiƙa daga filin gyara da takardun mallakar jirgi su ke warware wannan.

Raba aikin: yawanci a ruwa, kaɗan a tudu

Inji, lantarki, kafinta, ɗinkin filafilai, wayoyin ƙarfe da ke riƙe da jigo, waɗanda masu inshora da yawa ke son a canza bayan kimanin shekara 10, duk ana iya yinsu jirgi na ɗaure a tashar ƙananan jirage. Banɗaki na aiki, firji na aiki, ba tsani. Wasu ayyukan ma a ruwa suka fi kyau: daidaita inji da sandar farfela, da ɗaure wayoyin jigo na ƙarshe, domin jikin jirgi yana ɗan canza siffa idan ya zauna kan ƙarfen gindinsa. Jirgin katako kuwa tudu abokin gabansa ne, katakon yana bushewa ya ja baya, haɗin ya buɗe.

Sai a hau tudu da fenti, zinki (guntayen ƙarfen da ake maƙalawa a gindi don ruwan teku ya ci su a madadin farfela) da duk kayan gyara a hannu, a gama cikin kwana uku zuwa bakwai. Wurin da dabarar ke karyewa shi ne abin da ba a gani sai an ɗaga: allon juya jirgi ya sha ruwa, ko tsatsa a ƙusoshin ƙarfen gindi. Nan take kwana biyar ya zama sati biyar, ga kayan gyara a tsare a kwastan. Sa mai nutso ya duba gindin tun da wuri yana rage irin wannan ba-zata. A kuma sani cewa tashoshi da yawa sun hana goge-goge da walda a kan ruwa.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarkon aiki | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Zama a ciki | Mafi araha in aikin gajere ne | Mai kyau a aikin waje | Wahala sosai | Tsani, ƙura, gas |
| Kama ɗaki | Haya kan kuɗin fili, amma kwanaki na raguwa | Mafi kyau | Da sauƙi | Sata, aiki ya wuce wa'adin haya |
| Tafiya gida | Tikiti da ladan mai duba aiki | Ya danganta da yarjejeniya | Mafi sauƙi | Jinkiri, aikin gaggawa, guguwa |
| Raba aiki | Kuɗin tasha, tudu kaɗan | Mai kyau in an shirya | Da sauƙi | Matsalar da ba a zata ba |

Wa ya dace da wanne

Mutum ɗaya ko biyu masu ƙarfin jiki, aikin gindi ne kawai na sati ɗaya ko biyu, fili mai banɗaki da wurin wanka masu tsabta kusa: su zauna a ciki, su ɗaure tsani, su sa raga a ƙofofi. Kama ɗaki a nan ɓarnar kuɗi ce.

Aikin da zai buɗe cikin jirgi, ko zai wuce sati uku, ko akwai yara, tsoho ko mai ciwon ƙirji: a kama ɗaki, kuma a sa kuɗinsa cikin ƙiyasin gyaran tun farko, kamar yadda ake sa kuɗin fenti. Iyalin da kuɗinsu bai kai ba suna iya kama ƙaramin ɗaki na kwanakin da za a yi goge-goge da feshi kawai.

Aikin da yawancinsa jira ne, ko wanda kwanakin bizarsa suka kusa ƙarewa, ko mai barin jirgi tsawon lokacin guguwa, kamar masu gangarowa Whangarei ta Niyu Zilan daga Tonga da Fiji kafin Nuwamba, jiragensu su zauna har Afrilu: ya tafi gida, amma da yarjejeniya a rubuce da mai duba aiki. Ya kuma dawo da sati biyu a hannu kafin ranar mayar da jirgi ruwa, a shafa fentin gindi a gabansa, tunda yawancin fentin gindi yana da iyakar lokacin da zai iya jira a tudu kafin ya taɓa ruwa.

Mai jirgin katako, da wanda jirginsa ke da lafiya gyaran shekara-shekara kawai yake so, da wanda ke aiki ta intanet daga cikin jirgi ba zai iya rasa teburinsa na wata guda ba: su raba aikin. Su ajiye kuɗin sati biyu na tudu a gefe ko da ba su yi niyyar kashewa ba, domin filin gyara ba ya mayar da jirgi ruwa sai an biya shi kuɗinsa duka.